Kada a Jira Baki Ya Buɗe: Yadda Za a Gane Alamomin Galahanga Tun Yaro Yana Goye

A gidajenmu na Gombe, daga Jekadafari zuwa Pantami, daga Bolari zuwa Tumfure, idan yaro ya kai shekara 2 bai fara magana ba, amsar da uwa take samu kusan iri ɗaya ce. Kaka za ta ce nauyin baki ne, ai babansa ma sai da ya shekara 4. Maƙwabciya za ta ce ɗa namiji dama ba ya saurin magana. Wani kuma ya ce harsuna ne suka yi masa yawa, Fulatanci a ɗaki, Hausa a tsakar gida, Turanci a talabijin. Sau da dama maganarsu takan tabbata, yaro ya buɗe baki har ya ishi kowa da surutu. Amma akwai yaran da wannan jiran yake cutarwa, domin matsalarsu ba a harshe take ba, tana cikin yadda ƙwaƙwalwarsu take ƙulla hulɗa da mutane. Wannan larura ita likitoci suke kira otizim, kafafen yaɗa labarai na Hausa kuma suka saba kiranta galahanga.

Abin da wannan jagora take son kowace uwa da kowane uba su riƙe shi ne, magana ita ce ta ƙarshe wajen zuwa. Kafin yaro ya furta kalma ɗaya, ya daɗe yana hira da uwarsa da ido, da murmushi, da gwaranci, da ɗan yatsa. Wanda ya san wannan hira ta farko, zai lura da rashinta tun yaro yana goye, ba sai an kai shi makaranta malamai sun dawo da shi ba.

Mece ce galahanga?

Larura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun yaro yana ciki. Tana bayyana ta fuska biyu. Ta farko, wahalar hulɗa da mutane da isar da saƙo. Ta biyu, nacewa a kan abu ɗaya da maimaita shi, tare da jin ƙara ko taɓawa ko ɗanɗano fiye da kima, ko ƙasa da kima. Mutanenmu kan haɗa ta da shanyewar gaɓɓai da yaro kan samu a wajen haihuwa, ko da raunin fahimta, amma kowace daban take. Mafi yawan masu wannan larura jikinsu garau, suna zama da rarrafe da tafiya a kan lokaci, fuskarsu kamar ta kowa. Wannan ne ya sa ake daɗewa ba a gane ba.

Ɗaya daga cikin likitocin da suka fara bayyana ta filla-filla shi ne Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka, a 1943, bayan ya nazarci yara 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin kimanin yaro 1 cikin 100 yana da ita. A Amurka, inda ake bin yara da gwaji sosai, rahoton 2025 ya nuna 1 cikin 31 a tsakanin 'yan shekara 8. Maza sun ninka mata sau 3 zuwa 4 a cikin waɗanda ake ganowa. Ko da ƙiyasin farko muka ɗauka, unguwar da take da yara 1,000 tana iya samun kusan 10. Ke nan ba larurar Turawa ba ce, tana cikin lungunanmu.

Kuma hawa-hawa ce. Wani yaron zai yi magana, ya yi karatu har jami'a, ya yi sana'a da aure. Wani zai buƙaci mai kula da shi tsawon rayuwa. Ba wanda zai kalli ɗan shekara 2 ya yanke masa hukuncin inda zai tsaya. Abin da aka tabbatar shi ne, taimakon da aka fara da wuri yana ƙara wa yaro magana, da fahimta, da iya kula da kansa.

Abin dubawa wata-wata

Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa wannan lura da katin rigakafi, tunda dama ana zuwa asibiti a sati 6 da 10 da 14, sannan wata 9 da wata 15. Duk ranar da kika ɗauko katin, ki tambayi kanki waɗannan tambayoyi. Idan yaron bakwaini ne, ki cire makonnin da ya rage bai cika a ciki ba kafin ki ƙirga watanninsa.

Zuwa wata 6: Yana kallon fuskarki idan kina shayar da shi ko kina yi masa wanka? Idan kika yi masa murmushi yana mayar miki? Yana ƙyalƙyala dariya idan ana yi masa wasa?

Zuwa wata 9: Yana waiwayowa idan an kira sunansa? Idan ya yi gwaranci kika amsa, yana sake yi, kamar kuna hira? Fuskarsa tana nuna murna da mamaki da ɓacin rai?

Zuwa wata 12: Yana miƙo hannu a ɗauke shi? Yana ɗaga hannu idan babansa zai fita? Yana tafi? Idan kika rufe fuska da mayafi kika buɗe, yana dariya yana jiran ki sake? Yana “ba-ba-ba” da “da-da-da”?

Zuwa wata 15 ko 16: Yana kawo miki abu don kawai ki gani? Yana da kalma ko da ɗaya mai ma'ana, kamar “Mama” ko “ruwa”, ko da furucin bai fita sosai ba?

Zuwa wata 18: Yana nuna abu da yatsa don ki kalla tare da shi? Idan ke kika nuna, yana bin yatsanki da ido?

Zuwa wata 24: Yana haɗa kalma biyu da kansa, kamar “Baba tafi” ko “ba ni”? Yana kwaikwayon aikin gida? Idan wani yaro yana kuka, yana lura?

Rashin abu ɗaya a rana ɗaya ba hujja ba ne. Yaron da yake fama da zazzaɓi ko haƙori ko yunwa ba zai kula kowa ba. Abin da ake dubawa shi ne alamomi da dama da suka taru, kuma suka daɗe.

Gwaji biyar da za a yi a tsakar gida

Ki zaɓi lokacin da yaro ya ƙoshi, ya yi barci ya tashi, an kashe talabijin da rediyo. Kowane gwaji ki maimaita shi a ranaku daban-daban. Sun fi dacewa da yaro daga wata 12 zuwa shekara 3.

Na farko, kiran suna. Ki tsaya a bayansa ko a gefensa, taku biyu ko uku, inda ba ya ganinki. Ki kira shi da muryar da kika saba, ba tsawa, ba taɓawa. Ki ɗan dakata, ki sake kira. Yaro mai wata 12 yakan waiwayo a kira na farko ko na biyu, ya nemi fuskarki. A nan akwai abin lura a al'adarmu. Uwa da yawa ba ta kiran sunan ɗan fari saboda alkunya, wani yaron kuma sunan kakansa gare shi, sai ana ce masa Abba ko Baffa ko Ummi. To, a yi gwajin da sunan da yake ji kullum, kuma a sa wanda ya saba kiransa ya yi. Abin da ya kamata ya ja hankali shi ne yaron da za a kira sau biyar bai motsa ba, amma da ya ji ƙarar ledar biskit daga wani ɗaki sai ga shi a guje.

Na biyu, bin nuni. Ki zauna kusa da shi, ki nuna wani abu da yake nesa, ki ce, “Kalli mage!” ko “Ga akuya can!” Yaron da yake kan hanya zai kalli inda kika nuna, sau da yawa ya dawo da ido kanki. Mai galahanga yakan kalli yatsan kawai, ko ya ci gaba da abin da yake yi.

Na uku, nuni don a gani tare. Wannan shi ne mafi muhimmanci, don haka a fahimce shi da kyau. Nuni iri biyu ne. Akwai na neman abu, yaro ya nuna kofin kunu don yana so. Akwai kuma na raba farin ciki: garken shanu ya gitta ta ƙofar gida, ko jirgin sama ya wuce zuwa filin jirgi na Lawanti, yaro ya miƙa yatsa, ya ce “a! a!”, ya juyo ya kalli fuskarki ya ga ko ke ma kin gani. Ba shanun yake so ki ba shi ba, so yake ku gani tare. Wannan juyowar ita ake nema. Yaro mai galahanga yakan rasa ta. Idan yana son abu, sai ya kama hannunki ya ja ki har bakin randa, ya ɗora hannun a kan murfi, ba tare da ya ɗaga ido ya dube ki ba.

Na huɗu, kwaikwayo. Ki yi tafi, ki buga murfin tukunya da cokali, ki kara waya a kunne, ki ga ko zai yi. Ki kuma lura da shi a harkokin yau da kullum. Ɗan wata 18 zuwa 24 yakan ɗauki tsintsiya idan ana shara, ya tsaya gefen babansa yana ruku'u da sujada irin tasa, ko ya tafa hannu idan ana waƙa a coci. Yaron da duk wannan yake wucewa a gabansa bai taɓa gwadawa ba, a sa masa ido.

Na biyar, wasan riya. Ki ba shi 'yar tsana da cokali da kofi, ki ce, “Ba ta ruwa ta sha.” Ɗan shekara 2 yakan kai kofin bakinta, ko ya nemi a goya masa ita, ko ya tura mota yana yi mata ƙara da baki. Mai galahanga yakan kifar da motar ya yi ta juya taya ɗaya na tsawon lokaci, ko ya jera kayan a layi, idan aka gusar da ɗaya ya fashe da kuka.

Alamomin da sukan biyo baya

Daga shekara 1 da rabi zuwa 3 wasu halaye sukan fito fili. Akwai kaɗa hannaye kamar fiffike idan yana murna ko ya ƙosa, da jujjuyawa a wuri ɗaya, da rausaya gaba da baya, da tafiya a kan yatsun ƙafa. Akwai ƙura wa fanka ido, ko ruwan da yake zuba daga famfo. Akwai toshe kunne da ihu idan an tayar da injin markaɗe ko janareto, ko an kunna lasifika a gidan biki. Aski da kitso da yankan farce sukan zama yaƙi. Wani ba ya cin komai sai abu biyu ko uku, kuma sai a kwanon da ya saba. Wani zai faɗi ya ji ciwo bai yi kuka ba. Wani idan aka canza hanyar da aka saba bi zuwa gidan kakarsa, ranar ba zaman lafiya.

Akwai kuma yaron da yake magana, amma maimaici ne. Ka ce masa, “Kana son ruwa?” ya ce, “Kana son ruwa?” Yana iya haddace tallar rediyo ko waƙar katun daga farko har ƙarshe, amma bai iya cewa “ba ni” ba. Iyaye kan yi murna da kaifin haddarsa, kuma baiwa ce ta gaske, sai dai a tambaya: yana amfani da kalmomin don ya nemi abu ko ya ba da labari?

A kula da 'ya'ya mata musamman. Yarinya mai shiru, wadda take zama ita kaɗai a lungu ba ta damun kowa, yabo take sha, ana cewa mai haƙuri ce. Haƙuri alheri ne, amma a yi mata gwaje-gwajen nan kamar yadda za a yi wa namiji.

Koma-baya a lokacin yaye

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na waɗannan yara sukan fara kamar kowa. Yaro yana cewa “Mama”, yana ɗaga hannu, yana amsa sunansa, sai tsakanin wata 15 zuwa 24 abubuwan su riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. A wurinmu wannan lokaci ya zo daidai da yaye, lokacin da ake kai yaro wajen kaka, ko uwa ta samu wani cikin. Sai a ce fushin yaye ne, ko ya sha ciki, ko baki ne ya kama shi. Yaron da aka yaye yakan yi ƙyuya da rigima na 'yan kwanaki ko makonni, amma ba ya manta kalmominsa, ba ya daina kallon mutane. Duk yaron da ya rasa abin da ya riga ya iya, a kowane wata yake, a kai shi asibiti cikin makon. Haka idan yana jijjiga, ko yana ƙamewa ya ƙura ido na ɗan lokaci ba ya ji ba ya gani, domin farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu galahanga, kuma tana da magani.

Abubuwan da suke kama da ita

Rashin ji shi ne na farko. Gombe tana cikin yankin da sanƙarau yake yawo lokacin zafi, ga ƙyanda, ga shawarar jarirai mai tsanani, ga ciwon kunne mai zubar da ruwa, duk suna iya taɓa ji. Kurman yaro ba ya amsa suna, amma idonsa yana kan fuskar mutane, yana nuni, yana kwatance da hannu, yana jan hankali ta kowace hanya. Duk da haka kada a yanke hukunci a gida. Kowane yaro da maganarsa ta yi jinkiri a auna jinsa.

Nauyin baki zalla shi ne na biyu. Wannan yaron yana fahimtar komai. Ki ce ya ɗauko takalmin Baba, ya ɗauko. Yana nuni, yana kwaikwayo, yana wasa da yara. Kalmomin ne kawai suka makara.

Tamowa da ƙarancin jini da doguwar jinya, irin ta sikila, suna sa yaro ya yi sanyi, ya daina wasa. Idan ya samu abinci da magani sai walwalarsa ta dawo.

Kunya kuma daban ce. Muna koya wa yara sunkuyar da kai a gaban manya, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma wannan sai yaro ya yi wayo. Jariri ba ya jin kunyar uwarsa. Mai ƙyuya yakan ɓuya a bayan zanenki idan baƙo ya shigo, yana leƙowa yana kallon fuskarki don ya ga ko lafiya. Wannan leƙen alama ce mai kyau.

Yawan harsuna ba ya haifar da galahanga. Yaron da yake jin Fulatanci ko Tangale ko Tera ko Waja ko Bolanci a gida, Hausa a waje, yana koyonsu tare. Idan za a ƙirga kalmominsa a haɗa na duk harsunan, kuma kada a hana kaka yi masa magana da yarenta.

Zuwa asibiti

Kafin ki tafi ki yi tanadi uku. Ki samu ɗan littafi ki rubuta abin da kika gani da ranar da kika gani, ko ki sa wani ya rubuta miki. Ki ɗauki bidiyo gajeru da waya, minti 1 ko 2: lokacin da ake kiransa, lokacin da yake wasa shi kaɗai, lokacin da yake kaɗa hannu. Yaro ba lallai ya nuna halinsa a gaban likita ba, bidiyon zai yi magana. Sannan ki ɗauki katin rigakafi, ki tuna yadda ciki da haihuwa suka kasance: ko an yi doguwar naƙuda, ko bai yi kuka da wuri ba, ko ya yi shawara ko sanƙarau.

Ki fara da asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku, ko Asibitin Mata da Yara na Zainab Bulkachuwa, ko Asibitin Ƙwararru na Jiha. Ki faɗi abin da kika gani dalla-dalla, kada ki tsaya a “ba ya magana”. Ki ce, “Sista, yaron nan watansa 20. Ba ya waiwayowa idan an kira shi, bai taɓa nuna mini abu da yatsa ba, kuma kalma biyun da yake faɗa da ya daina. Ina so likitan yara ya duba shi, a kuma auna jinsa.” Ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan titin Ashaka, inda akwai sashen yara, da na kunne da hanci da maƙogwaro, da na lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan buƙata ta kai, likita yana iya tura ku Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri ko na Barnawa a Kaduna, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Babu gwajin jini ko hoton kai da yake nuna galahanga. Likita yana ganewa ne ta tarihin da kuka bayar da kuma kallon yadda yaro yake wasa da hulɗa. Akwai takardar tambayoyi 20 mai suna M-CHAT-R, ta yara 'yan wata 16 zuwa 30, wadda iyaye suke amsawa da e ko a'a. Ba ta yanke hukunci, tana nuna wanda ya kamata a zurfafa bincike a kansa ne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a tantance kowane yaro a wata 18 da wata 24. Ƙwararre yana iya tabbatar da larurar tun yaro yana shekara 2. Idan aka ce ku dawo bayan wata 3, ki tambayi abin da za ki riƙa yi kafin nan, kuma ki koma ranar da aka sa.

Maigida, wannan tafiya da kai za a yi. Ba kuɗin mota da izini kaɗai ake buƙata daga gare ka ba. Likita zai so jin abin da kai ma ka lura da shi, kuma idan ka ji bayani da kunnenka, kai ne za ka iya zaunar da tsofaffin gida, irin su Dada da Goggo, ka fahimtar da su cikin ladabi.

Abin da ba shi ne sanadi ba

Bincike a kan tagwaye da iyalai ya nuna gado ne yake da kaso mafi girma, daga ɓangaren uwa ko na uba ko duka biyun. Haihuwar bakwaini, da wahala a wajen haihuwa, da manyantar iyaye, da shan maganin farfaɗiya mai suna valproate lokacin ciki, suna ƙara yiwuwar samunta. Idan gida yana da yaro ɗaya mai ita, kusan 1 cikin 5 na ƙannensa yakan samu, don haka a sa wa ƙanne ido tun suna jarirai.

Ba laifin uwa ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, ba a kuma ɗaukarta a wajen wasa. Gori a kan irin wannan yaro, ko sakin mace saboda shi, zalunci ne.

Allurar rigakafi ma ba ta jawo ta. Wannan jita-jita ta samo asali ne daga wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, wanda ya wallafa rahoto a kan yara 12 a 1998. An gano maguɗi a cikin aikin, mujallar Lancet ta janye shi a 2010, aka kuma ƙwace lasisinsa. A 2019 wani bincike a Denmak da ya bi yara fiye da 650,000 bai samu wata alaƙa ba. Alamomin sukan bayyana ne a watannin da ake yin allurar ƙyanda, shi ya sa ake zarginta. Ƙyanda kuwa tana makantarwa, tana kurmantarwa, tana kisa. A kai yara rigakafi.

Mu masu imani ne, addu'a kuma ba ta rabuwa da mu. A yi wa yaro addu'a safe da yamma, a kuma kai shi asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Abin da za a guje wa shi ne duk abin da zai cutar da jikinsa: turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki, duka da sunan fitar da iska, ɗauri, tsaga, ko kai shi wajen wanzami a yanke ƙasan harshe ko a cire beli don baki ya buɗe. Kiran yaro ɗan ruwa yakan kai ga a yi sakaci da shi, alhali ɗa ne kamar kowane ɗa, amana ce a hannun iyayensa. Kuma har yau babu ƙwaya ko jiƙo ko allurar da take warkar da galahanga. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai raba yaro da ita cikin sati biyu, a riƙe kuɗin a yi wa yaron hidima da su.

Abin da za a fara yi a gida tun yau

Ba sai an jira sakamako ba. Waɗannan matakai suna amfanar kowane yaro, kuma irinsu ne Hukumar Lafiya ta Duniya take koya wa iyaye a shirinta na horar da masu reno.

Ki sauko da shi daga bayanki, ku zauna fuska da fuska a kan tabarma, ko da minti 10 ne, sau uku ko huɗu a rana. Ki bi abin da yake so. Idan murafen kwalba yake jerawa, ki zauna ki miƙa masa ɗaya-ɗaya, kina riƙe kowanne kusa da fuskarki, kina cewa “murfi”. Ki rage tsawon magana: “Zo.” “Sha ruwa.” “Buɗe.” Idan kika yi masa wasan da yake so, kamar cilla shi sama ko cakulkuli, ki tsaya a tsakiya ki jira. Da ya kalle ki, ko ya yi sauti, ko ya miƙo hannu, ki ci gaba nan take, don ya gane cewa saƙonsa yana aiki. Ki riƙa ba shi zaɓi, ayaba a hannu ɗaya ƙosai a ɗaya, ki jira ya nuna. Kada ki riƙe haɓarsa ki tilasta masa kallonki.

Ki tsara masa rana, lokacin ci da wanka da barci su zama sananne, kuma ki gaya masa kafin a canza abu. Ki janye waya da talabijin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Ba a tabbatar waya tana haifar da galahanga ba, amma tana cinye lokacin da yaro zai koyi hira da mutane. Gidan yawa ni'ima ce a nan: ki koya wa yayye da 'yan uwa waɗannan wasanni, kowa ya ɗauki nasa lokacin.

Idan ya fashe da ihu yana birgima a kasuwa ko gidan suna, yawanci hayaniya ce ta fi ƙarfinsa. A fitar da shi wuri mai shiru har ya huce. Duka ba ya koya masa komai sai tsoro.

A kula da tsaronsa matuƙa. Da yawa daga cikin waɗannan yara ba su san haɗari ba, suna son ruwa, suna kuma sulalewa su fice ba a sani ba. A rufe rijiya da tanki da durom ɗin ajiye ruwa, a sa sakata a sama inda hannunsa ba ya kai. Masu zama kusa da kwazazzaban da suka ratsa unguwannin Gombe su ninka lura da damina. A sanar da maƙwabta da masu shago da 'yan acaɓan bakin layi halin da yake ciki, don duk wanda ya gan shi shi kaɗai ya dawo da shi.

Idan lokacin makaranta ya yi, boko ko Islamiyya, a zauna da malami a yi masa bayani tun ranar farko. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba irin wannan yaro haƙƙin ilimi da kula da lafiya kamar kowa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu na kowace shekara don wayar da kai a kan wannan larura, amma aikin na kullum ne, kuma a ɗaki yake farawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uwa, idan zuciyarki ta gaya miki akwai abin da ba daidai ba, kada kunya ko maganar mutane su rufe miki baki. Ki yi gwaje-gwajen nan a wannan makon, ki rubuta abin da kika gani, ku kai shi asibiti ke da mahaifinsa. Idan aka duba aka ce lafiya lau, kun samu kwanciyar hankali. Idan kuma akwai larurar, kun ba ɗanku watannin da suka fi kowane lokaci amfani a rayuwarsa. Kakanni da malamai da ma'aikatan asibiti, idan uwa ta zo muku da irin wannan damuwa, ku saurare ta, ku taimaka mata ta kai ga likita. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke amanarsu.